Gyaran Gidan Wankan Bayan Tasha

Ranar da aka ce da ni za ni ƙasar Maroko, mu biyar ne a ƙofar gidan wanka. Akwai Injiniya Bitrus, mutumin Manchok, wanda aka damƙa wa aikin gyaran ginin. Akwai Malama Rifkatu mai koyar da Faransanci a kwalejin Gidan Waya. Akwai Baba Yohanna mai faskare, wanda ya tsufa yana kawo mini itace. Akwai Talatu 'yar Gwantu, tana zaune a dakali da tsohon ciki. Sai ni Asabe, wadda ake kira Inna Mai Ruwa. Na lissafa su ne don duk suna raye, wanda ya ga kamar na ƙara gishiri sai ya je ya tambaye su. Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba, a kasuwa tambaya, a gidan suna tambaya, Inna yaya can, Inna me kika gani. Bakina ba rediyo ba ne. Na zaunar da surukata na ce ta rubuta sau ɗaya, yadda na faɗa, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Wanda bai san gidan ba, a bayan tashar jirgin ƙasa yake. Tun zamanin da reluwe ke da ƙarfi aka gina shi don ma'aikata da iyalansu. Ɓangaren maza ya daɗe da rushewa. Na mata ne ya rage: zaure, ɗaki uku, dakali, da murhun jan bulo wanda aka gitta wa guntayen ƙarfen dogo, yana ɗaukar duro biyu. Uwar mijina ce ta riƙe shi, da ƙafa ta kama ta na karɓa. Kafanchan garin baƙi ne. Mace za ta haihu uwarta tana can wata duniya, babu mai yi mata wankan jego, sai a kawo ta wurinmu. Kwana arba'in, ruwan zafi da ganyen darbejiya. Ko a shekarun da gari ya ɓaci aka raba unguwanni, na ga matar fasto da matar ladan a dakali ɗaya suna jiran ruwa. Ba sa magana da juna, amma ba wadda ta tashi.

Rufi ya fara yoyo, bango ya tsage har akuya na leƙowa. Sai wasu masu kula da tsofaffin gine-gine suka ce za su gyara, amma a fara zuwa a ga yadda mutanen Maroko suka gyara nasu. Abu ɗaya na tambayi Injiniya ran nan, na ce murhun fa? Ya yi dariya ya ce, "Mama, gyara kawai za a yi." Na dubi idonsa, na ga yana duban bango.

Wahala tun daga fasfo ta fara. Aka ce in ɗora yatsu a kan wani ɗan gilashi mai haske. Na ɗora, na'ura ta ƙi. Aka goge mini hannu, aka shafa mai, aka sake, ta ƙi. Yarinyar da ke aikin ta juya tafin hannuna tana kallo, ta ce Hajiya ina zanen yatsunki? Na ce ki tambayi ruwan zafi da toka. Sai da aka kira babbansu, aka laluba aka samu ɗan ƙaramin yatsa na hagu da bai gama gogewa ba. Da shi na fita ƙasar nan.

Kafin takardu su fito Talatu ta sauka, namiji. Uwarta ta rasu, mijinta ɗan acaɓa ne, ɗaki ɗaya gare su a gidan haya. Kwananta goma sha biyu a hannuna ranar da muka tashi. Na bar ta a hannun maƙwabciyata Kande, na nuna mata zafin da ake so, na ce da Baba Yohanna kada wuta ta mutu ko yini ɗaya. Ya ce, "Mama ya tafi lafiya, wuta yana hannuna."

Mu uku ne, ni da Injiniya da Malama Rifkatu mai yi mana tafinta. Mota muka shiga ta Kwoi zuwa Keffi. Direban yana kauce wa rami kamar mai rawa, Malama Rifkatu tana ta kiran Ubangiji, ni na riƙe carbina ina ja. A wani shinge aka sauke mu, aka buɗe jakata, aka ga ƙullin yaji aka shinshina, mai shinshinawa ya yi ta atishawa. Ban ce masa sannu ba, ba ni na aike shi ba. A filin jirgi kuma aka raba ni da man kaɗanyata, wai ya yi yawa a jakar hannu. Na ce to a ba mai faso a cikinku, kada a zubar. Jirgin sama ba ni da abin faɗa a kansa. Kujera matsattsiya, kunne ya toshe, an kawo abinci a 'yan kwanoni kamar na wasan yara. Bayin ciki kuwa idan ka danna sai ka ce da kai zai tafi.

A iyakar Maroko wani mai kaki ya buɗe fasfona ya tambayi sana'ata. Malama ta rasa yadda za ta faɗa, ta yi ta kewaye, can ta ce hammam, wato sunan gidan wanka a can. Mutumin ya ɗago kai ya dube ni, ya dafa ƙirjinsa, ya ce kakarsa ma aikinta ke nan. Ya buga hatimi. A duk tafiyar nan shi ne na farko da ya ji sana'ata bai yi murmushin raini ba.

Daga nan jirgin ƙasa muka hau zuwa birnin Fas. A nan ne raina ya fara ɓaci, ba kuma wani ne ya ɓata mini ba. An ce jirgi zai zo ƙarfe kaza, ya zo. Ni da na yi aure a barikin reluwe, na san lokacin da mata ke ɗora tukunya da kukan jirgin Inugu. Yanzu ciyawa ce a kan dogo, awaki ke kwana a inuwar taragu. Injiniya yana ta ɗaukar hoton taga, ni na rufe ido na yi kamar barci.

Masaukinmu a cikin tsohon gari yake, inda mota ba ta shiga. Lunguna ne kamar hanjin kaza, wani wurin idan kika miƙa hannu biyu kin taɓa bango da bango. Daga waje gidan kamar kurkuku, ba taga. Kina shiga sai ga tsakar gida a buɗe, ɗakuna sun kewaye ta har sama. Na ce wannan kam sun fi mu sanin sirri. Sanyi ne ya dame ni, ƙasa duk tayil, na yi alwala haƙorana suna karo.

Abinci kuwa sai haƙuri. Burodi safe, burodi rana, burodi yamma. Aka kawo nama a wata tukunyar ƙasa mai murfi kamar malfa, na ɗanɗana na ji zaƙi, ashe busassun 'ya'yan itace aka zuba a kai. Nama da zaƙi, kamar an yi wa rago ba'a. Akwai wani mai kama da burabusko, shi na fi ci, ina barbaɗa yajina. Uwargidan masaukin ta ce in ɗanɗana mata, ta lasa, ta sha ruwa kofi biyu, daga ranar take gaishe ni da ladabi. Shayinsu da ganyen na'ana'a ne, ana tsiyayo shi daga sama, sukari kamar ba a san ciwo ba.

Kwana na biyu aka kai mu gidan wankan da aka zo nuna mana. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau. An ce ya girmi kakannin kakanninmu, ya lalace, aka tayar da shi. Rufin kamar ƙwarya a kife, da 'yan ramuka da haske ke zubowa. Ƙamshi, kiɗa a hankali, tawul fari a jere. 'Yan mata masu riga iri ɗaya suna murmushi. Injiniya kamar zai tashi sama, yana taɓa bango yana cewa Mama kin gani, hita ce ke dafa ruwa, ba hayaƙi, ba toka. Na gani. Amma ni ba bango na zo kallo ba. Na ƙirga waɗanda ke shiga: Turawa ne, da wasu matan masu jaka a hannu. Ban ga mace da bokiti ba. Ban ji kukan jariri ba. Na sa Malama ta tambaya ko matan unguwa na zuwa. Shugabar wurin ta ce ƙofa a buɗe take ga kowa, sai dai a yi waya a kama lokaci. Na ce ta tambaya wa ke riƙe da gidan kafin gyara. Ta ce wata tsohuwa ce, ta huta.

Da muka fito na ga wata tsohuwa a bakin lungu, zaune kan kwali, tana sayar da baƙin sabulu da safar cuɗa jiki. Ba fuskarta na fara kallo ba, hannunta na kalla. Fatar ta yi sulɓi, farcen ya mutu. Na tsuguna na buɗe mata nawa. Ta kama ta juya, ta dube ni, ta yi dariya ba haƙori. Ba a buƙaci tafinta ba a wannan. Sunanta Lalla Zuhura, Lalla kamar yadda muke cewa Inna. Ita ce wadda aka ce ta huta.

Maganarmu ta yi wahala, don ita Larabcinsu take ji, sai wata mai shago ta mayar Faransanci, Malama ta mayar Hausa. Abin da ya iso gare ni shi ne, ba wanda ya kore ta. An girmama ta, an ɗauki hotonta an rataye a ciki. Da aka gama aiki aka ce sabbin na'urori sai mai karatu, baƙi kuma sai mai jin yarensu. Aka ce ta zauna a ƙofa ta riƙa yi wa mutane maraba. Ta zauna wata biyu, ta ga ita ma ta zama kayan kallo, ta ɗauki kwalinta ta fito.

Ita ce ta ce in zo ta nuna mini wani gidan wankan. Washegari ta ja mu lungu bayan lungu har wata ƙaramar ƙofa. Shi ma tsohon gida ne, shi ma an gyara shi, an ɗinke tsagar bango, an sake bututu, an gyara magudana. Amma ta fara kai ni baya, ƙasa, inda wuta take. Wani baƙin dattijo yana zaune yana watsa garin katako a bakin tanderu, hannu ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. A gefen toka tukwane ne a jere, na mutanen unguwa, sun kawo a dafa musu. Na tuna Baba Yohanna da doyar da yake turawa ƙarƙashin murhuna.

Cikin kuwa hayaniya kamar kasuwar ranar Juma'a. Mata da bokitai, yara na kuka, wata na tsefe wa uwarta kai. A nan al'adarmu ta rabu da tasu. Mu ɗaya bayan ɗaya ake shiga, da ɗaurin ƙirji, mai wanka ba ta kallon abin da ba a nuna mata ba. Su kuwa duk a ɗaki ɗaya, ba mai rufe komai sai ɗan kamfai. Malama Rifkatu ta ce ita 'yar zumuntar matan coci ce, ba da ita ba, ta koma zaure. Ni ma na juya, Lalla Zuhura ta riƙe mini zane. Na ƙi, ta ƙi. Tsohuwa da tsohuwa, ba mai jin maganar wata. Na bar mata, amma zanena yana ƙuguna.

Ta shafe ni da baƙin sabulu, ta bari na yi gumi, ta sa safar nan ta fara cuɗa. Ni da nake ganin ba wanda ya kai ni tsafta a Kafanchan, sai ga dauɗa tana fita a murɗe kamar taliya. Ta ɗebo ta nuna mini tana dariya. Na ji kunya ƙwarai. Da ta zo bayana ta sassauta hannu, ta daɗe a kafaɗa. Rabon da wani ya zuba mini ruwa a baya tun haihuwar autana, uwar mijina ce ta yi. Wurin da tururi, ba mai ganin idon wani.

A ɗaki na ciki na ga abin da na zo nema. An kawo mai jego, mata sun kewaye ta suna guɗa irin tasu. Aka wanke ta, aka shafe ta da ganyaye, aka ɗaure mata ƙugu da dogon ƙyalle ana ja ta gefe biyu, wai ana mayar da ƙashi wurinsa. Ba irin namu ba ne, amma na gane shi kamar yadda ake gane ɗan'uwa a baƙon gari.

Injiniya bai ga wannan ba, namiji ba ya shiga. An ce ya je lokacin maza, ya leƙa ya fito, wai zafi. Da rana muna tafe a lungu na ce masa irin na biyun nake so, a gyara bango da rufi a bar mini wuta. Ya yi mini bayani, kuma ba zan zalunce shi ba, maganarsa ba ta banza ba ce. Ya ce hayaƙi ne ya ci rufin. Ya ce itace na ƙarewa a daji. Ya ce likitoci na kuka da ruwan da ya cika zafi da kunun kanwa, suna taɓa zuciyar mai jego. Na ce kanwa na daɗe da dainawa tun da wata nas ta gaya mini, zafi kuwa da gwiwar hannuna nake aunawa, ban taɓa ƙona 'yar kowa ba. Ya ce, "Mama, an riga an zana filan, an sa hannu. Shawa shida, hita biyu. Ke ma ba za a manta da ke ba, akwai kujerarki a ƙofa."

Na ce, "To me aka kawo ni gani?"

A daidai lokacin wani mutum ya taho da alfadari ɗauke da tukwanen gas, yana ta faɗin wata kalma, balak, balak. Ni ban san da ni yake ba. Kayan ya bugi kafaɗata, na dafa bango. Malama ta janye ni ta ce, "Inna, cewa yake ki gyara."

Na tsaya a jikin bangon nan har alfadarin ya wuce. Wata huɗu ana gaya mini kalmar nan a ƙofar gidan wanka, gyara, gyara, ni ina jin ta bango ce da rufi. Hausa ce, tawa ce, da ita aka haife ni, amma sai da na ƙetare teku mai alfadari ya fassara mini. Na ce da Injiniya, "Bitrus, da ka ce gyara za a yi, ginin kake nufi ko ni?" Tun da na san shi ban taɓa kiran sunansa kai tsaye ba. Ya ce Mama ba haka ba ne. Ban sake yi masa magana ba har muka bar ƙasar.

Ranar da za mu taho na koma wurin Lalla Zuhura na ba ta sauran yajina, ta ba ni safa ɗaya. Ta faɗi wata magana mai tsawo, ba mai fassara a kusa, ban san me ta ce ba. Na ce amin.

Dawowa ba labari. Jirgi, jirgi, mota, ramukan Kwoi suna nan inda muka bar su. La'asar sakaliya muka shigo Kafanchan, kwanan tafiya tara. Ban biya gida ba, na ce mai acaɓa ya kai ni bayan tasha da jakata. Tun daga nesa na ga babu hayaƙi. An kewaye gidan da kwano. An cire rufi, an tara yashi a inda dakali yake. Murhun an farfasa shi, jan bulon a tsibe gefe guda, duro biyun a kife a waje. Baba Yohanna yana zaune kan gungumen da bai faskara ba. Ya tashi ya cire hula. Ya ce, "Mama, na hana, sun ce oda ne daga sama. Kwana huɗu ke nan wuta ya mutu."

Na tambayi Talatu. Ya ce Kande ta yi ƙoƙari da risho da ƙaramar tukunya, ruwan ba ya isa, mai gidan haya kuma ya hana a hura itace a tsakar gida. Na tafi can. Na same ta kwance, ƙafa ta kumbura, jiki ya yi tsami, jaririn na tsotso tana cije leɓe. Ta ce Inna sannu da hanya, yaya Maroko? Na ce Maroko tana can. Na taɓa goshinta ba zazzaɓi, na ce duk da haka gobe mijinta ya kai ta asibiti a duba ƙafar, amma sai na fara ganinta.

Maganar kujerar ƙofa har yau ban ba da amsa ba, masu tambayata su daina. In an gama ginin zai yi kyau, na sani, na ga irinsa.

Washegari da na idar da sallar asuba na aika aka kira Baba Yohanna da baronsa. Muka je muka ɗauko duro ɗaya, mai gadi ya ce ba a ba shi izini ba, na ce duron uwar mijina ne, ya kira wanda zai kira. Muka kai shi bayan gidana wajen bishiyar mangwaro, muka jera duwatsu uku, na karyo darbejiya a bakin hanya. Itacen ɗanye ne, ya daɗe yana hayaƙi kafin ya kama. Da ruwa ya tafasa na sirka, na auna da gwiwar hannu, na kafa tabarma biyu don tsare ido, na aika mijin Talatu ya kawo ta. Saura mata kwana goma sha takwas. Wadda za ta haihu bayanta, ban san inda zan ce ta same ni ba.